Ɗan ƙanwata yana zaman benci a babbar jami'a a Amurka: ya haƙura ko ya sauya makaranta?

Kawun yaro, Garwa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san yadda ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka yake tafiya. Ɗan ƙanwata, wanda a hannuna ya tashi tun bayan rasuwar mahaifinsa, ya samu tallafin karatu a wata babbar jami'a da ke rukunin farko na NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, kuma yanzu yana shekararsa ta biyu. Lokacin da ya tafi, unguwa gaba ɗaya ta ɗauka cewa daga nan sai dai mu riƙa jin sunansa a labarai. Wasan da aka fara da ƙarfe bakwai na yamma a gabashin Amurka, a nan Garwa ƙarfe ɗaya na dare ne, kuma mahaifiyarsa takan hana idonta barci ta zauna da waya a hannu, ta ƙarar da kuɗin intanet, amma abin da take gani shi ne ɗanta a ƙarshen benci da tawul a wuya yana tafa wa wasu. In ma an sa shi, sai saura minti ɗaya ko biyu a tashi, lokacin da kowa ya riga ya san wanda ya yi nasara.

Yaron ba ya kai ƙarar kowa, amma ni na ji muryarsa ta sauya. Abokansa na can suna ce masa ya koma wata makaranta, wasu 'yan'uwa kuma a nan suna cewa ya dawo gida tunda ba a amfani da shi. Don Allah ku fahimtar da ni yadda rayuwar mai zaman benci take a irin wannan ƙungiya, da kuma shawarar da ta dace in ba shi.

Tsohon ɗan benci, daga Injamena, mazaunin Amurka

Wa alaikumus salam, Baba. Na zauna a irin wannan benci, saboda haka zan faɗa maka abin da kyamara ba ta nunawa. Ƙungiyar jami'a takan ɗauki 'yan wasa har 15, mutum biyar ne kawai suke cikin fili a lokaci guda, wasan kuma minti 40 ne, kashi biyu na minti ashirin-ashirin. Idan ka lissafa, minti 200 ke nan ake rabawa a kowane wasa, kuma yawancin masu horarwa mutum takwas ko tara suke amincewa da su, in aka shiga watan Maris, lokacin wasannin neman kofi, ma wasu sukan rage zuwa bakwai. Sauran duk suna zaune, ko da kuwa kowannensu shi ne gwanin garinsu kafin ya zo.

Amma kada Mama ta ɗauka ɗanta hutawa yake yi. Ɗaga ƙarfe da sassafe, shiga aji, kallon bidiyon abokan karawa, atisaye, zaman karatu na dole da dare, duk abin da tauraron ƙungiya yake yi shi ma yana yi. Dokar NCAA ta ce awa 20 a mako lokacin kakar wasa, sai dai tafiye-tafiye da jinyar rauni da atisayen da ake cewa na ganin dama ne ba sa cikin wannan lissafi. Akwai kuma aikin da ya keɓanta da 'yan benci, wato kwaikwayon ƙungiyar da za a kara da ita. Mataimakin koci zai miƙo maka riga mai wata kala, ya ce yau kai ne dogon ɗan wasan su wane, mai juyawa ta hagu. Za ka haddace tsarin wasansu cikin ɗan lokaci, manyan ƙungiyarku su yi ta bugun ƙirjinka da gwiwar hannu har a tashi, mako mai zuwa kuma a ba ka wani mutum dabam ka zama shi. Ranar wasa, in aka tare wancan dogon aka hana shi sakat, da guminka a ciki, amma ba wanda zai ambaci sunanka.

Abin da ya fi ci mini rai ba gajiya ba ce. Bayan wasa akan raba takardar alƙaluma a ɗakin sauya kaya, sai ka nemi layinka ka ga minti ɗaya, sannan sifili, sifili, sifili har ƙarshen layi. Ɗalibai kuma sukan riƙa kiran sunanka da ihu idan an yi wa abokan karawa rata mai yawa, suna roƙon koci ya sa ka. Da ƙauna suke yi, amma kai ka san ma'anarsa ita ce wasa ya ƙare. Sannan ka shiga fili jikinka ya yi sanyi bayan zaman kusan awa biyu, kana tsoron kuskure ɗaya, domin wanda yake buga minti talatin ana yafe masa kuskure biyar, kai kuwa ɗaya ya isa a mayar da kai.

Akwai wani abu da ya kamata ka sani, Baba. Bisa ƙa'idar da aka daɗe ana bi, ɗalibi yana da kakar wasa huɗu da zai buga a cikin shekara biyar, kuma a ƙwallon kwando ko minti ɗaya ya shiga a wasan gasa an ƙirga masa wannan kakar, sai fa in rauni ne ya tsayar da shi aka yi masa sassauci. Wato waɗannan mintocin ƙarshe da Mama take jira har tsakar dare suna cin shekarunsa kamar yadda suke cin na wanda ake farawa da shi.

Duk da haka ba zan ce masa ya gudu nan take ba. Christian Koloko, ɗan Duwala ta Kamaru, a shekararsa ta farko a jami'ar Arizona kimanin minti takwas yake samu a wasa. A shekara ta uku, bayan Tommy Lloyd ya karɓi ƙungiyar a 2021, shi aka zaɓa gwarzon mai tsaron baya na Pac-12, gasar da jami'arsa take ciki a lokacin, kuma ƙungiyar Toronto Raptors ta ɗauke shi a lamba ta 33 a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2022 na NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka. Dogayen 'yan wasa, musamman irin namu da ba su fara ƙwallon kwando da wuri ba, sukan ɗauki lokaci kafin su nuna.

Koci, Marwa

Alhaji, Allah ya saka maka da alheri bisa riƙon maraya. Na ji bayanin ɗan'uwanmu na Injamena kuma gaskiya ya faɗa, amma ni ra'ayina ya karkata ga sauya makaranta. Ina horar da yara a nan Marwa a filin siminti, kuma abin da na tabbatar shi ne atisaye ba ya maye gurbin wasa. Yaron da bai taɓa tsayawa a layin jifa ana saura daƙiƙa goma, jama'a na ihu a kansa ba, akwai ilimin da ba zai samu ba ko da ya shekara goma yana kwaikwayon wasu.

Mu dubi Pascal Siakam, ɗan Kamaru da ya yi suna a NBA. Bai je Kansas ko Duke ko Kentucky ba, New Mexico State ya je, makarantar da ba ta cikin manyan gasanni. Shekararsa ta farko bai buga ba, amma da ya fara sai aka sakar masa fili, ya zama gwarzon WAC, gasar da makarantarsa take ciki a lokacin, a 2016, Toronto ta ɗauke shi a lamba ta 27, ya ci kofin NBA da ita a 2019. Da a ce ya maƙale a ƙarshen bencin wata shahararriyar jami'a saboda sunanta, wa zai gan shi? Rukunin farko kaɗai yana da makarantu fiye da 350, kuma yanzu sauya makaranta ya yi sauƙi. An buɗe rajistar masu neman sauyi a 2018, daga 2021 kuma aka daina tilasta wa mai sauyi na farko ya zauna shekara guda ba ya wasa.

Wannan sauƙin kuwa shi ne ya sa nake tsoron zaman jira. A da, yaro yana haƙuri domin ya san na gabansa za su kammala su bar masa wuri. Yanzu koci yana iya ɗauko ƙwararre ɗan shekara 22 daga wata makaranta ya ɗora shi a kan yaron da ya yi shekara biyu yana jiran layi. Mu kuma daina auna yaranmu da taurarin NBA irin su Joel Embiid da Siakam kaɗai. Mutum 60 NBA take zaɓa a shekara daga duniya baki ɗaya. Abin da ya fi kusa da yaronka shi ne ƙungiyoyin Faransa, Beljiyam, Sifaniya, ko gasar BAL ta Afirka da aka fara a 2021, kuma duk waɗannan bidiyon wasa suke nema kafin su ɗauki mutum. Wanda ba ya shiga fili ba shi da abin da zai nuna musu.

Malamar makaranta, Ngaundere

Alhaji, ina yi maka sallama, ina kuma gaida Hajiya mahaifiyar yaro. Ni ba masaniyar ƙwallo ba ce, malamar lise ce, wato sakandare, kuma abin da ya dame ni shi ne har yanzu ba wanda ya tambayi abin da yaron yake karantawa. Tallafin da ya samu yana biyan kuɗin makaranta da ɗaki da abinci da littattafai, abin da a irin waɗannan jami'o'i yake kaiwa dubban daloli masu yawa a shekara, kuma wanda yake benci da wanda yake fili digiri iri ɗaya za a miƙa musu. Masu cewa ya dawo gida ba su yi wa maraya adalci ba. Ya dawo da me a hannunsa?

Malam Koci, ina girmama ra'ayinka, sai dai sauyin yana da haɗarin da ba ka ambata ba. Da zarar ɗalibi ya sa sunansa a rajistar masu neman sauyi, makarantarsa tana da damar janye tallafinsa a ƙarshen zangon karatu, kuma ba kowa ne yake samun wadda za ta ɗauke shi ba. Ɗan Amurka in haka ta same shi gidan iyayensa zai koma ya jira. Namu kuwa bizar ɗalibi ta F-1 yake riƙe da ita, zamansa a ƙasar ya rataya ne a kan kasancewarsa cikakken ɗalibi a wata makaranta. Haka kuma sabuwar jami'a tana iya ƙin karɓar wasu darussan da ya riga ya ci, sai kammalawarsa ta ja baya. Ita wannan biza ce ma take takura wa ɗaliban waje wajen cin kuɗin talla da aka halatta wa 'yan wasan jami'a tun Yulin 2021, saboda haka 'yan'uwa su daina zaton yaron yana zaune a kan dukiya.

Ina roƙon a sauya irin tambayar da ake yi masa a waya. Idan duk kiran da ya ɗauka daga Garwa farkonsa "minti nawa ka buga?" ne, to mun ƙara masa wani koci a gida. A tambaye shi lafiyarsa, jarrabawarsa, ko yana samun zuwa masallacin Juma'a, ko ya samu abokan zama na kirki, da yadda yake fama da sanyi. Zaman benci kuma ba ya hana mutum sanin wasa. Dean Smith ɗan benci ne a ƙungiyar Kansas da ta ci kofin ƙasa a 1952, daga baya ya horar da North Carolina ya ci kofin a 1982 da 1993. Wanda yake haddace tsarin kowace ƙungiya mako-mako yana tara ilimin da filayenmu na Arewa suke matuƙar buƙata.

Kawun yaro, Garwa

Na gode muku ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Malama, injiniyancin noma yake karantawa, kuma sakamakonsa yana da kyau. Maganar dawowa gida na rufe ta. Abin da ya rage shi ne zaɓi tsakanin zama da sauyi. Ɗana na Injamena, ta yaya yaro zai gane ko kocinsa yana da niyyar amfani da shi nan gaba?

Tsohon ɗan benci, daga Injamena, mazaunin Amurka

Baba, da an kammala kakar wasa kowane ɗan wasa yakan zauna da koci su biyu a ofis, kuma a nan ne zai nemi gaskiya. Tarbiyyarmu ta sa muna sunkuyar da kai a gaban babba mu ce to, amma a can in bai yi tambaya ba za a ɗauka ya gamsu. Ya tambaya cikin ladabi mene ne takamaimai ya hana a sa shi, ko tsaron baya ne, ko ƙarfin jiki, ko riƙe tsarin wasa, sannan ya tambayi 'yan wasa nawa ake shirin kawowa a gurbinsa. Kocin da yake da shiri a kansa zai ba shi amsa filla-filla, har ya haɗa shi da mataimakin da zai yi aiki da shi lokacin hutun bazara. Wanda ya ce masa kawai ya ci gaba da ƙoƙari, ko ya fara yaba masa wasu makarantu, ya riga ya sallame shi ne a fakaice.

Shi ma yaron yana da alamun da zai duba da kansa. A atisaye, ana taɓa cire shi daga masu kwaikwayo a haɗa shi da manyan? Idan na gabansa ya tara laifuka a kashin farko, shi ake kira ko ana gwammace a sa gajere a wurin? Koci yana yi masa faɗa in ya yi kuskure, ko ya daina kula shi? Faɗan alama ce mai kyau.

Kafin ya sa sunansa a ko'ina, ya je ofishin da ke kula da dokokin NCAA a makarantarsu ya karanta takardar tallafinsa, ya ga ko ta shekara ɗaya ce da ake sabuntawa ko ta dukan shekarun karatu, ya kuma je ofishin ɗaliban ƙasashen waje a kan maganar biza. Tunda injiniyanci yake yi kuma ya kusa rabin hanya, ya nemi mai ba shi shawara kan karatu ya lissafa masa ko zai iya kammala digiri da wuri ta hanyar ɗaukar darussan bazara. In ya kammala alhali yana da sauran kakar wasa, yana iya komawa ƙaramar makaranta a matsayin ɗalibin digiri na biyu ya buga ta a can, kamar yadda Malam Koci yake so, digirin farko kuma yana hannunsa kamar yadda Malama take so.