Kaya sun zo a lalace, mai sayarwa ya ce ba a mayarwa: hukumar jiha zan kai ƙara ko ta tarayya?

Ummu_Haidar: Salam jama'a, don Allah a ba ni shawara. Na yi odar injin ɗinki a intanet, na tura kuɗi gaba ɗaya, da ya iso na jona sai gurnani kawai yake allura ko motsi ba ta yi, na kira mai shagon ya ce wai ai a jikin rasit an rubuta kayan da aka saya ba a dawowa da su. Yanzu ko wayata ba ya ɗauka. Wasu sun ce in je hukumar kare masu saye ta jiha, wasu sun ce ta tarayya wato FCCPC, wani ma cewa ya yi EFCC. Ina ne daidai?

Baban_Sadiq: Wa alaikis salam Hajiya. Da farko ki raba abu biyu. Idan mutumin yana da shago, kuma ya turo kaya amma marasa kyau, wannan rigimar ciniki ce, ta hukumar kare masu saye. Idan kuwa ya karɓi kuɗi ya ɓace babu kaya babu shago, to damfara ce, sai 'yan sanda ko EFCC, kuma nan take a sanar da banki. Naki na farko ne. Maganar rubutun rasit kuma kar ta tsorata ki, dokar kare masu saye ta FCCPA da Buhari ya sa wa hannu a 2019 ta ba mai saye damar mayar da kayan da suka zo da aibi, rubutun da ɗan kasuwa ya buga da kansa ba ya soke doka.

Injiniya_MK: Ni dai ta jiha zan ce ki fara, amma jihar da shagon yake ba taki ba, nan mutane ke kuskure. Su ne za su iya aika masa takardar gayyata ya zo a zauna, kuma yawancin 'yan kasuwa da sun ga takarda mai hatimin gwamnati jikinsu ke yin sanyi tun kafin a kai ga kotu. Legas na da LASCOPA, Kano ma na da tata hukumar, sai dai ba kowace jiha ce tata ke motsi ba, wata ofis ne kawai da allo a ƙofa. In haka ne sai ki cike fom a shafin FCCPC.

Ummu_Haidar: To Malam ni fa na goge wasu saƙonnin da muka yi da mai shagon lokacin da haushi ya kama ni 😩

Injiniya_MK: Kash. To abin da ya rage ki yi masa sikirinshot yau ɗin nan, da alat ɗin banki, da hoton tallan kafin ya cire, sannan ki ɗauki bidiyon injin a jone yana wannan gurnanin. Kuma kar ki bari wani mai gyara ya kwance shi, da an taɓa noti ɗaya zai ce ke kika ɓata.

Dan_Boko77: A Amurka ma kusan haka abin yake, FTC, hukumar kare masu saye ta tarayya, tana tara koke ne ta bi manyan kamfanoni, ƙaramin rikici irin wannan mutane ofishin babban lauyan jiha suke kaiwa. Hajiya ki tura masa saƙo ɗaya a rubuce, ki ba shi wa'adi ki faɗi hukumar da za ki je, ba zagi ba barazana, don shi ma saƙon za a karanta a wajen zaman.