Muhawara: Shin da guminta Atlético Nacional ta ɗauki kofin 1989?

Mai Koriyar Riga: Assalamu alaikum jama'a. Jiya da daddare a gidan kallon ƙwallo na unguwarmu aka yi mini dariya, har wani yaro da na girme shi nesa ba kusa ba ya ce Kolombiya ba ta da ƙungiyar da za a ambata a gaban mutane, kuma maganar ta tsaya mini a rai. Atlético Nacional ta birnin Medellin, wadda aka kafa a 1947, ita ce ta farko a ƙasar da ta ɗauki kofin Copa Libertadores, wato kofin zakarun ƙungiyoyin Kudancin Amurka. A wasan ƙarshe na 1989 Olimpia ta Paraguay ta ci ta biyu da nema a Asuncion, ita kuma ta rama biyun a Bogota, sannan ta yi nasara da ci 5 da 4 a bugun fenareti, ƙarƙashin koci Francisco Maturana, da 'yan ƙasa zalla. Ta sake ɗaukar kofin a 2016. Ƙungiyar da ta kai wannan matsayi da guminta ba ta cancanci raini ba.

Tsohon Gola: Wa alaikumus salam. Malam, duk abin da ka faɗa na yarda da shi, ban da kalma ɗaya, wato “guminta”. Kowa ya san halin da Medellin take ciki a 1989, lokacin da masu fataucin hodar iblis ke cin karensu babu babbaka. A watan Nuwamban shekarar aka harbe alƙalin wasa Álvaro Ortega a birnin, har aka soke gasar ƙasar gaba ɗaya ba tare da zakara ba. A irin wannan yanayi, wane alƙalin wasa ne zai hura usur da kwanciyar hankali?

Mai Koriyar Riga: Yaya, an ɗauki kofin tun ƙarshen watan Mayu, wata biyar da rabi kafin kisan da ka ambata. Zargin alaƙa da Pablo Escobar, babban dillalin hodar iblis na Medellin, ya daɗe yana yawo, amma ba kuɗi ne ya tsaya a raga ya tare fenareti a daren Bogota ba, René Higuita ne.

Ɗan Garwa: Tunda an ambaci Higuita, mu mutanen Kamaru muna da ta cewa. Wannan golan ne ya baro ragarsa yana neman yanke Roger Milla a gasar cin kofin duniya ta 1990, Milla ya ƙwace ƙwallo ya zura, muka kai zagayen 'yan takwas. Idan shi ne hujjarku, to hujjar ba ta da ƙarfi.

Tsohon Gola: Ƙanena, ka iya bakinka a kan abin da ba ka taɓa yi ba. Shekara goma sha biyu na yi ina tsaron raga, kuma kuskure ɗaya ba ya shafe aikin mutum. Ƙungiyarsa nake tuhuma, ba shi ba.

Ɗan Garwa: Ban raina ka ba, Baba, amma tsaron raga a filin unguwa ba ya ba mutum ikon hana wasu magana. Kuma Milla yana da shekara 38 a lokacin.

Malamin Tarihi: Mu koma kan kalmar da ake jayayya a kanta. Idan ana nufin gumin da babu ɗigon kuɗin haram a cikinsa, to manyan ƙungiyoyin wancan zamani kaɗan ne za su tsira. A lokacin ƙungiyar América ta birnin Cali tana hannun iyalan Rodríguez Orejuela, masu fataucin hodar iblis, har Amurka ta saka ta cikin jerin waɗanda aka haramta hulɗar kuɗi da su, amma duk da haka sau uku a jere ta je wasan ƙarshe na Libertadores, daga 1985 zuwa 1987, ta dawo hannu rabbana, ta sake faɗuwa a 1996. Wannan ya nuna kuɗi kaɗai ba ya sayen kofin.

Jan Shaiɗan na Cali: Malam, me ya kawo América cikin wannan magana? Zuwa wasan ƙarshe sau huɗu ba abin gori ba ne. Idan gumi na gaskiya ake nema, a je garin Manizales a tambayi Once Caldas, ƙaramar ƙungiyar da ta doke Boca Juniors ta ɗauki kofin a 2004.

Mai Koriyar Riga: Babu wanda ya taɓo kofin 2016, shekaru 23 bayan mutuwar Escobar, lokacin da Miguel Borja ya ci Independiente del Valle ta Ekwado a wasan ƙarshe. Babu kuma wanda ya tuna cewa a ƙarshen wannan shekara, da jirgin 'yan wasan Chapecoense ta Brazil, waɗanda za su kara da Nacional a wasan ƙarshe na gasar Sudamericana, ya faɗi kusa da Medellin mutum 71 suka rasu, Nacional da kanta ta roƙi a miƙa wa abokan karawarta kofin Sudamericana.

Ɗan Garwa: An tuna, kamar yadda aka tuna Kashima Antlers ta Japan ta ci ku uku da nema a gasar cin kofin duniya ta ƙungiyoyi a watan Disamban shekarar.

Shugaban Zaure: Dare ya yi, zan rufe wannan zance. Abin da na fahimta shi ne yawancin masu magana ba su gamsu da kalmar “guminta” ba, kuma mai ƙorafi bai kawo abin da zai wanke kofin 1989 ba, musamman idan aka tuna yadda Nacional ta fitar da Millonarios ta Bogota a zagayen 'yan takwas na gasar, wasan da har gobe mutanen Bogota ke kuka da alƙalancinsa. An kuma tafi an bar babbar magana, domin ƙungiyar da ta fara ɗaga sunan Kolombiya ita ce Millonarios, wadda ta je Madrid a 1952 tare da Alfredo Di Stéfano ta ci Real Madrid 4 da 2. Duk wanda ya sake tayar da batun Milla a nan, zan goge saƙonsa.