Waɗanda suka taɓa kai matsalar aurensu wajen mai ba da shawara, ku zo ku ba mu labari

Maman Sadiq, Kano

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekararmu 9 da aure, yara uku. Ba duka, ba zagi, ba a hana ni ci da sha. Magana ce babu. Ya shigo, in kawo abinci, ya ci, ya kama waya. In na buɗe baki kuma sai faɗa. Sau biyu Hajiyarsa da kawuna suna zaunar da mu, kullum da "ku yi haƙuri" ake tashi, mu dawo gida mu ɗora daga inda muka tsaya. Yanzu wanda ya karanci aikin nake nema, wanda ba dangina ba, ba danginsa ba. Wanda ya taɓa zuwa ya gaya min ta ina ya bi, kuma yaya aka yi maigidan ya yarda. Masu cewa in yawaita addu'a, na gode, ina yi.

Ummu Hafsa, Fagge

Wa'alaikumus salam. Ni Hisbah na je. Tun da aka kafa ta da doka a Kano a 2003, rikicin ma'aurata na cikin abin da suka fi sha, don haka ba abin da za ki faɗa da zai zama baƙo a kunnensu. Sun aika masa takardar gayyata, ya zo, abin da kiran yayana bai sa ya yi ba. Aka ji ta bakina ni kaɗai, aka ji nasa, sannan aka haɗa mu. Aka rubuta kuɗin cefane, kuɗin makarantar yara da rabon kwana, muka sa hannu. Ban biya ko sisi ba, kuma har yau takardar na cikin akwatina.

Amma 'yar uwa, tawa matsalar ta haƙƙi ce, abin da za a iya ƙirgawa. Taki ban ga yadda za a rubuta ta a takarda ba. Kuma mutumin da bai hana ki komai ba, ranar da takardar gayyata ta same shi a shago gaban abokansa, kin ƙara wata wutar.

Baban Khalil, Kaduna

Bari namiji ya sa baki. Sanda maiɗakina ta kawo min wannan maganar, amsar da na ba ta ita ce ni ba mahaukaci ba ne. Da na ji ma a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa mai ba da shawarar yake, sai na ce ai duk wanda ya gan ni a ƙofar nan ya gama da ni a unguwa.

Abin da ban sani ba a lokacin, ma'aikatan wurin iri-iri ne. Akwai likitan ƙwaƙwalwa, shi ne mai rubuta magani. Akwai masanin halayyar ɗan Adam, shi ba ya rubuta ko Panadol, zama ake yi ana magana. Akwai kuma jami'an jin daɗin jama'a masu bin lamarin iyali. Wajen na biyun muka je.

Yadda ta shawo kaina: ba ta sake cewa "muna da matsala" ba, don in mace ta ce haka, abin da namiji ke ji shi ne "kai ne matsalar". Cewa ta yi ita ce ba ta iya barci, in raka ta. Na raka ta da niyyar zama a mota. Aka ce a kira maigida minti biyar, na shiga, sai da muka kusa awa.

Abu guda ya yi mana da har yanzu nake jin kunyarsa. In ta yi magana, ba ni da damar ba da amsa sai na maimaita abin da ta faɗa, ta ce e, haka take nufi. Wallahi sau uku ina maimaitawa tana cewa a'a. Ni da nake ganin na haddace matar nan kamar Ƙulhuwallahu. Ita cewa take ba na zama da ita, ni kuwa ina jin cewa take ba na kawo kuɗi, sai in hau lissafin buhun shinkafa. Shekara nawa muna wannan faɗan, ashe kowa da tashar da ya kama. Zama shida muka yi. Ban ce mun zama Laila da Majnunu ba, amma bayan Isha'i waya tana kan caji a falo, mu muna ɗaki.

Uwargida Sarautar Mata

Maman Sadiq, duk inda za ki, ki kiyayi na Instagram. Na biya wata naira 15,000, muka yi waya kusan awa biyu, na zazzage mata cikina tas. Bayan sati sai ga labarina a shafinta, wai "wata baiwar Allah ce ta turo". Ba ta sa suna ba, amma ta sa sana'ar mijina, yawan 'ya'yana, har da watan da amarya ta tare. Ƙanwar kishiyata ce ta fara turo min. Da na kira ta, cewa ta yi don wasu su ɗauki darasi ne.

Ba duka suka lalace ba, na sani. Amma kafin ki ce uffan, ki tambaye ta a ina ta yi karatun, a wane asibiti ko cibiya take aiki, kuma abin da kika faɗa ina zai tsaya. Wadda ta san aikinta ba ta jin haushin tambayar nan, ita ce ma za ta fara yi miki bayanin sirri.

Abu Yusuf, Zariya

Ba ina kushe masu ilimin zamani ba ne, amma kada mu yi kamar addini bai tsara mana ba. Suratun Nisa'i aya ta 35 ta ce in aka ji tsoron ɓaraka a tashi mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta. Kuskurenmu wajen zaɓe ne. Mu kan ɗauko wanda ya fi tsufa, alhali wanda ya fi hankali da riƙon amana ake so. Ni da iyalina ƙanin mahaifinta ne, malamin firamare, ya gyara mu, bai ma kai wasu yayyena shekaru ba.

Uwargida Sarautar Mata

Malam, Allah Ya ƙara ilimi. Amma kawun yana da mata, matar tana da 'yan uwa, 'yan uwan suna da WhatsApp. Kuma akwai maganar shimfiɗa da ko za a yanka ni ba zan faɗa gaban ƙanin ubana ba.

Abu Yusuf, Zariya

Wannan kam gaskiya ne, Hajiya. Na karɓa.

Maman 'Yan Biyu, Sakkwato

Tawa ta ɗan bambanta, amma ku ji. Bayan na haifi tagwaye na tsani maigidana, ko takunsa na ji sai raina ya ɓaci. Kuka ba dalili, abinci ba ɗanɗano, yaran ma wani lokaci in zuba musu ido kamar ba nawa ba. Na yi yaji sau biyu kafin arba'in ta zagayo sau biyu. Gidanmu suka ce sammu ne, gidansu suka ce rashin tarbiyya. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, an yi zaman sulhu har uku.

Wata nas ce a wajen rigakafin yara ta dube ni ta ce, yaushe rabonki da barci? Ita ta tura mu asibitin ƙwaƙwalwa da ke Kware. Likita ya ce ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, ya ɗora ni a magani, ya zaunar da Alhaji ya yi masa bayani da Hausa. Bawan Allah nan sai da ya yi hawaye, don shi duk zatonsa na daina sonsa ne. Da mun tsaya a sulhu kaɗai, da yanzu takardata na hannu. Ban ce haka naku yake ba, amma mutumin da ya daina magana gaba ɗaya, a duba ko shi ma wani abu ke cin sa, bashi ko aiki ko ciwo.

Anti Bilki, Birmingham

Nan Ingila masu aikin ba sa wuyar samu, ƙungiyar Relate ma tun 1938 ta fara wannan aikin. Mu dai wata mai zaman kanta muka fara gani, Baturiya, mai kirki ƙwarai. Sai dai zama biyu muka ƙarar muna mata bayanin dalilin da ya sa uwar miji da ke Katsina take da ta cewa a gidan da ke Birmingham, da dalilin da rabin albashinsa ke tafiya gida. Shawararta ita ce ya rage ɗaukar wayar Hajiya. A mota ya ce min ba zai koma ba, ni ma ban ga laifinsa ba. Daga baya ta masallaci muka samu wata 'yar Somaliya mai takardar aikin. Da na ambaci suruka murmushi kawai ta yi, ta ce ci gaba. Ta Zoom muke yi, ba mai ganin shigarmu balle fitarmu.

Lauyar Gida

Ga masu karantawa a ɓoye: in akwai duka ko barazana, kada ki yarda a fara da zaman ku biyu, don abin da kika faɗa a ofis a gida za ki biya shi. Ki je ke kaɗai tukuna. Ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA tana da rassa a jihohi, haka ma FOMWAN, ƙungiyar mata Musulmi, in kin fi son 'yan uwa mata na addini.

Maman Sadiq, Kano

Allah Ya saka wa kowa da alheri. Maman 'Yan Biyu, maganarki ta tsaya min, don tun da shagonsa na Kwari ya samu matsala bara ya koma haka, ni kuwa ban taɓa haɗa su ba. Na yi tambaya, an ce akwai sashen masu wannan aikin a asibitin Malam Aminu Kano, sai na yanki kati tukuna. Baban Khalil, dabarar maiɗakinka zan ara, kuma ba ƙarya zan yi ba, barcin dama ba na yi. Tambaya ɗaya: ranar farko da ka shiga, ita ta fara magana ko kai aka fara tambaya? Don nawa in aka fara da shi, tashi zai yi.