Wai tsoro ne ke sa ɗan Adam ƙirƙirar abin bauta?

Baban Khalifa: Slm jama'a. Jiya a majalisa wani ya dage wai duk abin bautar da mutane suka ƙago tsoro ne tushensa, tsoron tsawa da fari da mutuwa. Ni dai ban gamsu ba. Ba addinin da aka saukar nake nufi ba fa, wanda mutane suka ƙirƙira da kansu. Me kuka gani?

Ɗan Kurmi: Ai gaskiya ya faɗa. Dubi Tsumburbura da aka bauta wa a nan Kano a zamanin da, Barbushe mai kula da ita kaɗai ke shiga wajenta, wai duk wanda ya shiga in ba shi ba mutuwa zai yi, mutane na kai baƙin bunsuru da baƙaƙen kaji suna jira ya fito ya gaya musu abin da shekara za ta zo da shi. In ba tsoro ba mene ne wannan?

Maman Biyu: Ɗan uwa ka manta Wadda da Suwa'a da Yagusa da Ya'uƙa da Nasra na Suratu Nuhu aya ta 23? Ibn Abbas ya ce mutanen kirki ne, da suka rasu jama'a suka kafa siffofinsu a inda suke zama don tunawa, sai da waɗancan suka shuɗe ilimi ya ɓace sannan na baya suka fara bauta musu. Wannan ai so ne da kewa. Wlh ranar da kakata ta rasu gwaggona ta ɗauki carbinta ta naɗe a ƙyalle ta sa ƙasan akwati, har yau ba ta bari yaro ya taɓa, to ka ƙaddara jikan jika da bai san kakar ba ya tarar da wannan carbin, me zai ɗauke shi?

Ɗan Kurmi: Yaya, ai kewar ma tsoron mutuwa ce ta sauya riga.

Malam Na Zariya: A'a, kun bar zalunci a baya. 1930 aka naɗa Ras Tafari sarkin Habasha, Haile Selassie, sai talakawan Jamaika jikokin bayi da ke ƙarƙashin Ingila suka ga baƙar fata irinsu da kambi a ka, suka ce ga mai ceto ya zo. Shi kuwa Kirista ne ɗan cocin Orthodox, bai ce shi abin bauta ba ne. Da ya je Kingston babban birnin Jamaika a 1966 cunkoso har ya hana shi saukowa daga jirgi da farko, ya rasu 1975 wasu suka ce sam bai mutu ba. Waɗannan ba tsoronsa suke ba, mutuncinsu da aka take suke nema.

Ɗan Filinge: Malam ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. A yankinmu na Filinge a Nijar wajen 1925 aka fara Babule, wasu su ce Hauka, iskokin da ke hawa mutum sai ya riƙa fareti yana sara wa mutane kamar sojan Faransa, akwai Gwamna akwai Kumandan Mugu. Faransawa suka kama su suka kulle, abin bai mutu ba, 'yan ci-rani ma suka kai shi har Accra. Mutanen da aikin tilas da haraji suka gallaba ne suka ɗauki ƙarfin mai gallaza musu suka mai da shi iska.

Ɗan Kurmi: To ai ka dawo kan maganata, tsoron Bature ne.

Ɗan Filinge: Mai tsoro ɓuya yake yi ɗan uwa, su kuwa a fili suke yi, haraji ma wasu suka ƙi biya.

Baban Khalifa: Maman Biyu, don Allah hadisin nan a Bukhari yake ko? Ina so in kai wa mutumin can bayan Isha'i.

Maman Biyu: Eh, babin tafsirin Suratu Nuhu.