Maganin tayirod wata biyu, kitsen jini bai sauka ba

Salamu alaikum ƴan uwa, musamman likitoci da malaman asibiti. Daga Garin Malam nake rubutu, nan Damagaram, kan mahaifiyata.

Inna shekararta 54. Tun bara take ta yin jiki alhali ba ta ƙara cin abinci ba, kullum gajiya, fata ta bushe, ko a watan bazara sai ta nemi mayafi mai kauri. Zoben da ta yi shekaru da shi a yatsa, da sabulu muka zare shi. Gwajin jini na TSH, sinadarin da ke hawa idan tayirod ta yi rauni, ya nuna nata ya hau zuwa 11, wato ƙwayar tayirod ta wuyanta ta yi sanyin aiki, kolastarol, wato kitsen jini, kuma ya hau. Likita ya bayyana mana cewa idan sinadarin tayirod ya yi ƙaranci, hanta ba ta kwashe mugun kitsen daga jini yadda ya kamata. Ya ba ta ƙwayar maganin tayirod mai suna levothyroxine, ya ce mu sake gwaji bayan mako 6 zuwa 8.

Mun koma. TSH ya sauko kaɗan, kitsen jinin yana nan. Yanzu wani likita ya ce a fara maganin kolastarol, wani ya ce a jira tayirod ta daidaita tukuna.

Abin da ke damuna, Inna ba ta shan ƙwayar da ciki wofi, da fura da nono take haɗiye ta, ga maganin ƙarin jini kuma lokaci guda. Na ji madara da sinadarin ƙarfe da ke cikin maganin ƙarin jini suna hana ta shiga jiki. Shin wannan ne ya tsayar da mu? Mu gyara shan mu jira, ko mu fara maganin na biyu? Don Allah ku taimaka.