Me za mu kira “blocked account” da Hausa? Zuwa Alhamis nake so

Maman Hanifa: Assalamu alaikum jama'a, taimakon gaggawa nake nema. Ranar Asabar muna da zama a Agege, nan Legas, da iyayen yaran da suka gama digirin farko suke neman tafiya Jamus ƙaro karatu. An ɗora mini rubuta takardar bayani da Hausa, shafi biyu, domin yawancin iyayen 'yan kasuwa ne, Turancinsu na ciniki ne, bai kai ga takardun banki ba. Mai buga takardar ya ce in kai masa kafin azahar ɗin Alhamis. Komai ya tafi daidai sai abu ɗaya da ya tsaya mini a wuya, wato abin da ake kira “blocked account”, Jamusawa kuma su ce Sperrkonto.

Ga yadda abin yake. Kafin ofishin jakadancin Jamus da ke Victoria Island ya ba ɗalibi biza, sai ya nuna yana da abin da zai ci shekara guda. Hanyar da aka fi bi ita ce a buɗe masa wani asusu na musamman a Jamus, a zuba kuɗin shekarar gaba ɗaya. Adadin da aka sa tun Satumban 2024 shi ne yuro 11,904. In ya isa, ba a ba shi duka, sai yuro 992 a kowane wata. Kuɗinsa ne, ba wanda ya ƙwace, amma ba shi da ikon kwashewa lokaci guda. Kalmar da za ta ɗauki waɗannan biyun nake nema.

Ɗan Obalende: Wa alaikumus salam Anti. Kullallen asusu mana. Ko rufaffen asusu.

Alhajin Canji: A'a ɗana, kada a soma. Duk wanda yake harkar kuɗi a Legas, in ka ce masa an kulle asusu, abin da zai ji shi ne kotu ko EFCC ta sa hannu. Ka tara dattawan kasuwar Mil 12 ka ce su zuba miliyoyi a kullallen asusu, wallahi kafin ka kai aya rabinsu sun nemi takalmansu. Rufaffe kuwa ya fi muni, shi ne wanda mai shi ya mutu ko ya bar bankin.

Ɗan Obalende: Tosasshen asusu fa, Alhaji?

Maman Hanifa: Na gwada shi a bakina, kwata ce take zuwa mini a rai. Daskararre ma na gwada, shi kuma ba ya motsi ko kaɗan, alhali wannan yana ɗiga duk wata.

Baba Na-Abbatuwa: 'Yata, kalmar tana nan a gidanmu, ba sai an je nesa ba. Asusun talala. Shekaruna sun haura talatin ina harkar shanu a Oko-Oba. In ka yi wa dabba talala, igiya ce mai tsawo, tana kiwo, tana zagayawa, tana shan ruwa, sai dai ba ta wuce inda igiya ta tsaya. Ba a yanka ta ba, ba a sayar ba, tana nan taka ce. To me ya bambanta wannan da kuɗin yaron nan? Igiyarsa yuro 992. Rubuta asusun talala ki huta.

Auta a Jamus: Baba, hoton da kuka zana ya dace ƙwarai, ni da nake cin irin wannan kuɗin na shaida. Abin da nake tsoro shi ne yadda kunne ya saba da kalmar. A rediyo ba ka jin talala sai a ɗaurin talala, an tsare wani ɗan siyasa a gidansa. Mahaifiyata in ta ji an ce kuɗina suna talala, ba za ta yi barci ba.

Baba Na-Abbatuwa: Wannan laifin 'yan jarida ne, ba na kalmar ba. Talala ta makiyaya ce tun kafin a san rediyo.

Alhajin Canji: Ni da jingina na so in ce, sai na tuna jingina bashi take tsaya wa, nan kuwa ba bashi. Na janye. Amma Hajiya, ko wace kalma kika ɗauka, ki sa musu gargaɗi ɗaya da manyan baƙaƙe. Bara na tura wa ɗan ƙanena nasa, na lissafa adadin daidai wa daida, ban ƙara ko sisi ba. Ashe bankunan da kuɗin ke ratsawa a hanya kowa yana gutsurar ladansa. Suka isa da giɓin 'yan yuro kaɗan, aka ƙi fitar da takardar shaida sai an cika. Kafin cikon ya isa ranar ganawarsa da ofishin jakadanci ta matso, yaron nan har ya rame. A riƙa ɗora wani abu a kai. Kuma tun da Babban Banki ya saki naira a Yunin 2023, lissafin da ka yi yau ba lallai ya kai ka mako mai zuwa ba, don haka kada ki rubuta adadin da naira, ki bar shi da yuro.

Ɗan Obalende: Gaskiya ni a ganina wahalar da kai muke yi. Yaran da za su tafi duk “bulok akawun” suke cewa. A rubuta haka kawai, kowa ya gane.

Malam Mai Alli: Tun ɗazu nake karantawa ina haɗiye magana, amma wannan ta ƙarshe ba za ta haɗiyu ba. Bulok akawun! Harshen da aka rubuta waƙoƙi da wasiƙu da shi da ajami tun kafin Bature ya taka ƙasar nan, harshen da BBC take watsa labarai da shi tun 1957, harshen da Jamusawan da kansu suke da sashensa a gidan rediyonsu na DW, shi ne yau ya rasa sunan ma'ajin kuɗi? Na koyar da Hausa a Kano shekaru masu yawa kafin 'ya'yana su dawo da ni Idi-Araba, kuma abin da kunnena yake ji a bakin yaran Legas yana sa ni baƙin ciki. Rabi Turanci, rabi Yarabanci, sai a yayyafa Hausa a kai kamar yaji. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Sunan abin nan shi ne asusu mai ƙayyadadden ciro, kuma ba ya bukatar muhawara.

Ɗan Obalende: Allah ya gafarta Malam, da girmanku, amma maganar nan ta yi mini zafi. A Legas aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina. Kakannina suna Agege suna fataucin goro tun zamanin da jirgin ƙasa ya fara bi ta nan. Muna tsakiyar Yarbawa, makaranta da Turanci, kasuwa da buroka, amma har yau da Hausa muke magana a gida, da ita muke wa 'ya'yanmu faɗa. Wanda ya riƙe harshe a inda kowa ke yin sa, da wanda ya riƙe shi a inda ba mai tilasta masa, wa ya fi ƙoƙari? Kuma banki da kuke faɗa, da biza, da fasfo, daga wace unguwa ta Kano suka fito? Shi kansa asusun, duk sanda na ji makwabtanmu suna cewa esusu sai in ji kamar 'yan uwan juna ne.

Malam Mai Alli: Esusunsu adashe ne a wurinmu, kada ka haɗa. Asusu shi ne ɗan tulun yumɓu mai tsaga a ka, yaro yana jefa kwabo, ba ya fita sai an fasa. Aro kuma iri biyu ne. Akwai wanda harshe ya tauna ya haɗiye, kamar banki da mota da asibiti, akwai wanda aka cusa da lalaci. Naka na biyun ne.

Baba Na-Abbatuwa: Malam, ƙayyadadden ciro ɗin nan naku, wace tsohuwa ce za ta iya faɗarsa sau biyu ba ta sha ruwa ba? Talala gaɓa uku ce. Kuma ku duba, har aikatau take bayarwa: an yi wa kuɗin talala, an kwance talala. Taku fa, a ce an ƙayyadadde su?

Malam Mai Alli: A ce an ƙayyade ciro. Nahawu bai gaza ba, Baba. Ita talala magana ce ta turke, ba a sa ta a takardar da za ta shiga hannun jama'a.

Baba Na-Abbatuwa: Turken nan shi ya biya kuɗin makarantar yara huɗu, biyu har jami'a. Kada a raina shi.

Maman Hanifa: Iyayena, don Allah ku yi haƙuri, ni ce na jawo, kuma ban kawo maganar don a ɓata wa kowa rai ba. Malam, yaron nan bai yi ƙarya ba, mu da muke renon yara a garin nan mun san irin daman da muke sha kafin su iya gaisuwa da Hausa. Kai kuma ƙanena, ba zan rubuta bulok akawun ba, domin ba yaran nake rubuta wa ba, iyayen ne, su ne za su sayar da fili ko su taɓa jari. Mutumin da zai fitar da wannan dukiya ya cancanci a gaya masa inda za ta da harshen da yake mafarki da shi. Yau Talata, dare ya yi, har yanzu kan takardata babu suna.

Hajiyar Alaba: Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma bari in sa baki. Da na je aikin hajji, kuɗin da aka ba mu na ci da sha a can, kowa kuɗin guzuri yake ce musu, daga malamai har ma'aikatan hukumar alhazai. Ba wanda ya taɓa tambaya ko na waye, an san na alhaji ne, an san na cin abinci ne a ƙasar mutane, ba na sayen gida ba. To wannan ma ai guzuri ne. Asusun guzuri.

Alhajin Canji: Hajiya, Allah ya ƙara basira. Wannan in na faɗa wa mutum a shagona ba zai firgita ba.

Malam Mai Alli: Hausa ce tsantsa, ban musa ba. Sai dai ta ɗauki rabi ta bar rabi. Guzurin alhaji a hannu ake danƙa masa, in ya ga dama ya ƙarar a kasuwar Madina cikin kwana uku. Ina ƙayyadewar take a cikin kalmar?

Auta a Jamus: Malam ya taɓo wurin da ya fi muhimmanci, kuma akwai wani haɗarin. In aka ce guzuri, iyaye za su ɗauka da yaro ya sauka daga jirgi kuɗin suna hannunsa. Ba haka ba ne. Sai ka sami ɗaki, ka je ofishin gari ka yi rajistar adireshinka, wadda doka ta ce a yi cikin mako biyu da tarewa, ka buɗe asusun yau da kullum a wani banki, sannan a fara sako maka na wata a cikinsa. Ni sai da na yi makonni ina cin abin da na riƙo daga gida. Ga kuɗin ajiya da mai gida yake karɓa kafin ya ba ka makulli, wanda zai iya kaiwa hayar wata uku. Ga inshorar lafiya duk wata, ga kuɗin zangon karatu. A birni mai tsada irin Munich, haya kaɗai tana iya cinye fiye da rabin 992 ɗin. Saboda haka guzuri biyu ne, na asusu da na aljihu, kuma na aljihun ne yake ceton mutum a watan farko. Anti, ki ƙara musu da cewa in an hana biza ana mayar da kuɗin, bayan an nuna takardar hanawar. Wannan ita ce tambayar farko da mahaifina ya yi.

Baba Na-Abbatuwa: Kun gani? Duk wannan dogon bayani da kuke yi, talala ta riga ta faɗe shi a kalma ɗaya.

Maman Hanifa: To ga abin da na tsayar, kowa ya yafe mini. A kan takarda zan rubuta asusun guzuri. A layin farko zan ce: asusu ne mai ƙayyadadden ciro, kuɗin na ɗalibi ne, amma wata-wata ake sakar masa. Zan sa Sperrkonto da sunan Turancin sau ɗaya, domin su ne za su gani a takardun ofishin jakadanci, kada su je can su rikice. Gargaɗin Alhaji da na Auta duk sun shiga, sai dai in rage wani wurin don shafi biyu ya ɗauke. Baba, misalin igiyar nan da baki zan ba da shi ranar Asabar, kuma zan ce daga wurinku na ji.

Malam Mai Alli: Ban gamsu a sa guzuri a sama ba, ƙayyadewar ce asalin abin. Amma tunda ta shiga layin farko, na yi shiru. Ki tabbata mai bugawa yana da ƙ da ɗ masu lanƙwasa, kada ya mayar mini da ita kayyadadde.

Baba Na-Abbatuwa: Ni dai a bakina talala ce, kuma za ku ji ta a Agege kafin shekara ta zagayo. Ƙarfe nawa ne zaman?

Maman Hanifa: Bayan la'asar, Baba. Auta, turo mini jerin abin da ka kashe a watanka na farko kafin gobe da dare, ina so in sa shi a shafi na biyu. Sauran kalma ɗaya kuma: shi asusun yau da kullum ɗin da ake sako kuɗin a ciki, in bar shi haka, ko akwai mai abin da ya fi?