Shin 'yan asalin nahiyar Amurka suna shirya finafinansu da kansu?

Ɗalibi daga Unguwar Rogo:
Assalamu alaikum. Ina koyon aikin fim a nan Jos, kuma duk abin da na sani game da mutanen da ake kira Jajayen Indiyawa, finafinan kaboyi ne suka nuna mini shi: mahaya dawaki da gashin tsuntsu a ka, suna ihu ana harbe su. Shin su da kansu sun taɓa riƙe kyamara, kuma wane amfani hakan ya yi musu?

Malamin makaranta, Gangare:
Wa alaikumus salam, ɗana. Sun riƙe ta, kuma ta yi musu rana. A Burazil, wani mai shirya fim, Vincent Carelli, ya fara kai kyamarar bidiyo ƙauyukan 'yan asalin ƙasar a 1986. Da mutanen Nambikwara suka kalli bikin balagar 'yan matansu a talabijin, ba su ji daɗin yadda suka ga kansu ba, sai suka sake bikin da adon gargajiya, har suka farfaɗo da al'adar huda hanci da leɓe wadda suka yi kusan shekara 20 da bari. Ka lura, ba domin baƙi aka ɗauki hoton ba. Masu bikin ne suka fara kallonsa, su ne kuma suka yanke masa hukunci.

Hajiya daga Rikkos:
Malam ya yi gaskiya, amma a ganina batun harshe ya fi nauyi. Zacharias Kunuk, ɗan ƙabilar Inuit ta arewacin Kanada, ya shirya fim ɗin Atanarjuat da harshensu na Inuktitut, ya kuma ci kyauta a bikin finafinai na Kan a Faransa a 2001. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne fim ɗin da mutanen Haida na Kanada suka yi da harshensu a 2018, domin masu jin harshen sosai 'yan tsirarun dattawa ne, har sai da 'yan wasan suka zauna gabansu suka koyi furucin kafin a fara ɗauka.

Ɗalibi daga Unguwar Rogo:
Na gode, Malam da Hajiya. Da na yi tambayar, na ɗauka mu masu Hausa ne a matsayinsu, sai bayanin Hajiya ya tuna mini cewa a Filato Hausa ce babban harshe, domin akwai yaran Birom da Angas da suka fi sakewa da ita a kan harshen iyayensu. Abokin karatuna ɗan Birom ne, kuma gobe zan tambaye shi da wane harshe yake rubuta fim ɗinsa na kammala karatu.